Kawu da Ya Tare Bakin Bindiga da Hannu

Abin da ya fara ɗaukar idona washegarin jana'izar Kawu shi ne wasu tsofaffi biyu da suka ba gidan makoki baya. Na leƙo zaure da butar ruwa sai na gan su a kan tabarma ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda ke rumfa yana fuskantar liman, su kuwa idonsu na kan titi. Motar Yamai ce ta sauke su da hantsi, ɗaya da sanda, ɗaya da rabin kunne, kuma kusan babu wanda ya san su a Matameye. In an shafa fatiha su shafa, amma ba su juyo ba.

Na koma cikin gida na tarar mata sun riga ni gani ta kan katanga.

"Waɗannan ta'aziyya suka zo ko kallon motoci?" in ji wata 'yar uwarmu ta Dungu.

Goggo, matar Kawu, wadda tun jiya ba ta ɗaga kai ba, ta yi ɗan murmushi a cikin mayafi. "Ku ƙyale su. Abokan aikinsa ne, gadinsa suke yi. Ni da na aure shi ma, na fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa."

Aka yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Masu gaisuwa suka yi ta shigowa, kowa da abin da ya riƙe. Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Damagaram ya ce, "Allah ya jiƙan mutumin da ya taɓa cire mini hula a bainar jama'a ya laluba cikinta, ya mayar mini ya ce in yi haƙuri, kaina ne ya cika girma." Mahautan kasuwa suka zo a tare, suka zauna can gefe, ba su taɓa abinci ba. Inna, mahaifiyata, ƙanwar Kawu ciki ɗaya, ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta amsa a bushe, kamar makokin maƙwabta ta zo.

Shi kuwa Yaya, wanda ya haƙa kabarin da hannunsa, ɗan marigayi Ƙaramin Kawu, ƙanen Kawu da Inna, sai ya je ya tsaya a gaban tsofaffin nan ya tare musu titi.

"Zai zo?" ya ce.

Kowa ya san wanda yake nufi. Akwai mutumin da ya harbe mahaifin Yaya a garin nan, Kawu ya tsaya masa. Tun yana saurayi Yaya ya rantse cewa Kawu ne kaɗai ke tsakanin wuƙarsa da wuyan mutumin. Ga shi Kawu ya kwanta a makwancinsa.

Shekaru sun ɗan ja da waccan rana. Na zauna rubuta wannan ne don yaran gidanmu na yanzu ba su san komai game da shi ba sai cewa wani tsoho ne mai yatsa biyu a hannun dama, mai korar su daga bakin ƙofa. Ba na son abin da zai rage masa ke nan.

Kawu ya bar gonar gero yana saurayi ya shiga soja. Daga can aka zaɓe shi cikin rundunar da ke tsaron manyan ƙasa, tun tana 'yan mutanen da ba su cika bayan kamiyo ɗaya, babbar motar kaya, ba. Ya ce shugabansu na farko wani tsoho ne da ya yi yaƙin Nasara, kuma da dorina yake koyarwa. Zai jera su a rana ya sa wani ya gifta da babbar riga. Duk wanda ya kalli fuskar mai giftawa sai ya ji dorina a gadon baya. "Fuska ba ta kisa, hannu ke kisa," in ji tsohon. Kawu ya taɓa ɗaga mana riga muka ga karatun a rubuce a bayansa, layi bisa layi. Da shi ya tashi har ya zama shugaban waɗanda ke tsayawa dab da jikin babba, waɗanda suke kira 'yan ciki.

Aikin ya bi shi har gida. In zai gaisa da mutum sai ya kama hannuwansa biyu ya riƙe, mutanen gari suna cewa babu mai son jama'a kamarsa. Goggo ce ta tona mana cewa laluba ce. A tsaye yake cin tuwo. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, gefen ƙofa. In na zo gaishe shi da hannu a cikin mayafi, sai ya ce, "Fito da shi, 'yar Kawu." In fito da littafin soyayyar da na haya a kasuwa. Ya juya shi, ya kalli hoton bango ya ce, "Wannan saurayin da ya tsaya ya ba taga baya, ba zai kai ƙarshen littafin ba."

Yakan ce, "Na tsare mai farar hula, na tsare mai kaki. Da an ji ƙarar farko, duk ƙarƙashin hammatarka suke shigewa."

Haƙoransa na gaba ba nasa ba ne. Wata rana da mulki ya juya, yana tsaye a ƙofar wani babba da rana tsaka, sai yaran da shi ya koya wa ɗaure takalmi suka zo a motoci. Suka kira shi da muƙaminsa na soja suka ce, "Ajidan, matsa." Ya ce babu wanda ya sallame shi daga ƙofar nan. Suka sa masa gindin bindiga a baki har haƙoransa suka zube a siminti, suka karya masa haƙarƙari, suka taka shi suka wuce. Yana kwance a likita sababbin masu gari suka aiko a ɗauko shi, wai ƙofarsu ma irin wannan taurin kai take so. Ba haƙoran ne suka fi ci masa rai ba. "Da can waje muke kallo," ya ce. "Daga ranar nan yara suka koyi waiwaye, suka ga ashe kujerar ba ta da nisa."

Allah bai ba shi haihuwa ba. Da wani abokin aikinsa ya mutu a bakin aiki ya bar maraya, Kawu ya ɗauke shi, Goggo ta goya shi a bariki a Yamai. Da ya girma Kawu ya shigar da shi rundunar, ya koya masa karatun dorina da kansa. Ɗana yake ce masa.

Ina budurwa aka ce wani babba zai zo rangadi Matameye. Kawu ya riga shi isowa don ya duba fili, ya zo da ɗan riƙon nasa. Ni aka aika in kai musu ruwa. Dogo ne, baƙi mai sheƙi, gashin idonsa kamar an shafa masa kwalli. Ya karɓi kwanon da hannu biyu ya ce, "Na gode, ƙanwata," da wata Hausa mai karkata irin ta mutanen yamma. Kafin la'asar na riga na aure shi a zuciyata, na shirya ɗaki, na raɗa wa 'ya'yanmu suna. Bayan wannan kalma bai sake ce mini komai ba, ni ma ban buƙata ba.

Da yamma Ƙaramin Kawu ya shigo da tsire a takarda. Mahauci ne, kuma ɗan tauri, cikin mutanen nan da suka sha magani tun suna yara don kada ƙarfe ya ci su. In makaɗa suka buga musu gangarsu sai jikinsu ya tsima, su zabura tsakiyar fili su zare wuƙa suna goga ta a wuya da ciki suna kirari. Mu nan mun tashi muna gani. Mutum ne mai dariya, har kunnensa ke motsi in yana yi.

"Yayana, gobe zan nuna wa babbanku abin da Yamai ba ta da shi," ya ce wa Kawu.

"Gobe ka zauna a rumfarka ka sayar da nama. Ko askar yankan farce ban yarda in gani a filin nan ba."

"Kai dai hassada kake yi. Ni na sha tauri, kai ka sha dorina."

"Na faɗa maka."

"To, ranka ya daɗe, Ajidan, na ji."

Kawu ya bi makaɗan gari ɗaya bayan ɗaya ya hana su taɓa gangar tauri. Abu biyu suka kuɓuce masa. Makaɗan ƙauyen Yauri da ke kusa da mu sai da safe suka iso, ba su ji hanin ba. Kuma bai zaunar da ɗansa ya gaya masa mene ne ɗan tauri ba, don bai taɓa zuwa masa a rai cewa akwai wanda bai sani ba.

Rana ta take sosai lokacin da motoci suka tsaya a filin gaban biro, ofishin hukuma. Yaran lakwal, 'yan makarantar boko, suna tafi, mata suna guɗa. Ni ina can gaba, na ɗaura ɗankwalina mafi kyau, ba babban nake kallo ba. Sojana yana tsaye a hagun babban, bindiga a ƙirji, Kawu a dama. Sai gangar Yauri ta sauya murya. Na ji ta a cikina kafin in gane ta. Ƙaramin Kawu bai zo da niyyar komai ba, kallo ya zo, amma mahauci ba ya rabuwa da wuƙa, kuma ɗan tauri ba shi ke da jikinsa ba in ganga ta kira shi. Na ga mutane sun dare. Ya faso da gudu, ido ja, yana ihu, wuƙa tsirara a sama, ya nufi wajen babban don a gabansa ake yin kirari.

Duk filin mun ga wasa. Mutum ɗaya ne ya ga hannu da wuƙa.

Kawu ya yi tsawa, "Kada!" Ya tsallake gaban babban ya damƙi bakin bindigar da hannun dama. Ta tashi a cikin hannunsa. Na ga wasu abubuwa sun yi tsalle sun faɗi a rairayi, ban san yatsu ba ne sai daga baya. Harbin bai tsaya ba. Ƙaramin Kawu ya ci birki kamar ya yi karo da bango, rigarsa ta fashe ta baya, ya yi zaune, sannan ya kwanta, ƙafarsa ɗaya tana ta shure ƙasa. Gangar ta ƙara bugu biyu kafin makaɗin ya gane.

A littattafan da nake karantawa jini ɗigo ne a kan farin hankici. Wannan gudu yake yi, yana kumfa, ƙasa tana sha, yana da ƙarni irin na mayanka.

Sauran sojoji suka cusa babban a mota suka fice da shi, don aikinsu ke nan. Aka bar mutum biyu a tsakiyar fili. Sojana ya saki bindiga, ya tsaya baki buɗe yana kallon tafin hannunsa. Sai mahauta suka taso, wuƙaƙe da adduna a waje, 'yan kallo suna tsintar duwatsu. Dutsen farko ya fasa masa goshi. Kawu ya naɗe dungun hannunsa da hularsa, ya ja yaron da hagu ya manna shi da bangon biro, ya tsaya a gabansa. Gawar ƙanensa tana kwance, bai ko waiwaye ta ba.

"Ba mu shi!" suke ihu. "Ba mu shi, Ajidan!"

Wani ya kawo sara ta gefe, adda ta sauka a kafaɗar Kawu. Bai matsa ba. Dutse ya same shi a baki. Yaya, yana ɗan saurayi, ya ɗauki wuƙar ubansa daga ƙasa ya kutso har ya ɗora tsininta a cikin Kawu.

"Tura," in ji Kawu. "Ta nan hanyar take." Sannan ya ɗaga murya, jini na bin gemunsa. "Ɗana ne ya harba, ƙanena ne ya faɗi. A cikinku wa ya fi ni asara? Ya fito in ba shi wuri."

Babu wanda ya fito. Haka ya tsaya yana layi kamar itacen da ake sara, har jandarma suka iso.

Da ya fito daga likita ya zo gidanmu. Inna ta tare shi a tsakar gida, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba.

"Ka bar ɗan uwarka a ƙasa ƙudaje na bin bakinsa, ka je ka rungumi bare."

"Wanda ya faɗi ya riga ya fita hannuna. Mai ran ne aikina."

"Aikinka! To ka riƙe aikin ya zama ɗan uwanka."

Daga ranar, sai dai gaisuwar Salla ta bayan labule.

Manyansa suka so su ɗora komai a kan yaron su huta. Kawu ya tsaya a gabansu ya ce yaron bai yi komai ba sai abin da aka koya masa. "Na koya masa hannu, ban koya masa ganga ba." Ya ajiye kaki ya dawo Matameye, garin da rabinsa ba ya amsa masa sallama, ya koyi riƙe hauya da yatsa biyu. Ya hana ɗansa taka garin, in suna son ganin juna sai a Damagaram. Ni kuwa na mayar da littafin da ke hannuna ban ƙarasa ba, na daɗe ban hayi wani ba.

Marayun ƙanensa duka shi ya ɗauka. Kowace ran kasuwa sai ya je ya zauna a gefen rumfar Yaya, wanda ya gaji sana'ar ubansa, yana kore masa ƙudaje da mafici. Yaya yana yanka, ba ya kallon sa. Kawu ne ya nema masa aure, shi ya tsaya masa waliyyi. Ranar ɗaurin auren Yaya ya durƙusa ya yi godiya yadda ya kamata, sannan ya ce, "Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da ka rufe ido, in ya shigo garin nan, ba zai fita ba."

Kawu ya ce, "To, sai in yi ta buɗe shi."

Ya kuwa buɗe shi har tsufa ya ranƙwafar da shi, har gashin Yaya ya fara furfura.

Ranar sadakar uku, da hantsi, mutumin ya zo. Shi kaɗai ya sauko daga tasha da ƙafa, babu kaki, farar riga ce a jikinsa. Ya yi ƙiba, gefen kansa ya yi fari, tabon dutsen nan yana goshinsa. Gashin idon ne kawai bai sauya ba, na ji kunyar kaina da na lura. Tsoho mai sanda ya tashi ya tare shi.

Ya kira shi da muƙaminsa, "Kumandan, koma. Don Allah koma."

"Ubana ne," ya ce.

Ya wuce rumfa, ya durƙusa a ƙofar zaure inda mata suke, ya ce, "Goggo, ya haƙuri?" Goggo ta miƙo hannu za ta dafa kansa.

Yaya yana bayan tukwane yana yankan naman sadaka, wuƙar tana hannunsa tun safe. Bai yi ihu ba. Ya ture tukunyar miya, ya bangaje tsoho mai sanda har ya faɗi a kan murhu, ya iso kafin wani namiji ya miƙe. Saran farko ya tsaga mutumin daga kunne zuwa kafaɗa, farar rigar ta rine nan take. Yana durƙushe, hannuwansa a kan gwiwa, bai ɗaga su ba. Soja ne da zai iya karya Yaya biyu, amma sai ya sunkuyar da kai ya ba shi wuya. Yaya ya damƙi ƙeyarsa ya ɗaga wuƙar karo na biyu.

Ban ga tashin Inna ba. Tsohuwa ce da sai an kama ta take miƙewa. Na dai ga wuƙar ta sauka a damtsenta, na ga fatar ta buɗe har fari ya bayyana kafin jini ya rufe. Ta faɗa kan mutumin ta rufe shi da jikinta.

"Goggo!" in ji Yaya, don haka yake kiran ta. "Goggo, tashi! Shi ya kashe ƙanenki!"

"Ni za ka gaya wa? Ni na goya ubanka." Numfashinta yana sarƙewa. "Ban yafe masa ba, ba kuma zan yafe ba. Amma yayana ya ba da yatsunsa a kan wannan wuyan. Ya ba da aikinsa. Ya ba da ni. Kai ne za ka mayar da shi banza tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Sai ka fara da ni."

Wuƙar ta faɗi. Yaya ya zauna daɓas a cikin miyar da ta zube ya ɗora hannu a ka. Na yage ɗankwalina na ɗaure damtsen Inna, jininta da na mutumin sun haɗu a zanena har ban san na wa ba ne. A nan ne kukan ya zo mata. Ta yi ta kiran "Yayana, yayana" da muryar yarinya, har maza a rumfa suka sunkuyar da kai.

Da ta natsu ta dubi mutumin, an toshe masa rauni da rawanin liman. "Je ka kabarin ka yi masa addu'a," ta ce. "Daga can ka wuce. Kada in sake ganin ka."

Tsofaffin suka kai shi, suka wuce da shi likita a Damagaram.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya kuɓuce masa. Ya tsare shi a kabarinsa, shi da ya ƙare rayuwarsa yana tsaron wasu.

Yaya yana nan a rumfarsa, ba ya son a ta da maganar. Mutumin kuwa bai sake taka Matameye ba. Ya warke ya koma bakin aiki, har aka ba shi shugabancin 'yan ciki, matsayin da Kawu ya riƙe. Bara tsoho mai rabin kunne ya biyo ta garinmu ya kawo wa Goggo labari. Sun raka wani babba taro a wani gari, da rana, jama'a cike da fili. Wani ya faso daga cikin mutane da gudu, hannunsa a cikin riga. Waɗanda ke wurin sun ce Kumandan ya gan shi tun daga nesa, yana da sararin da zai harbe shi sau nawa ya so. Sai ya ruga ya tarye shi ya rungume shi ƙam, ƙirji da ƙirji. Wannan karon bindiga ce a cikin rigar, kuma duk abin da ke cikinta a cikinsa ya ƙare. Bai saki ba har suka faɗi tare. Babban ko ƙwarzane bai yi ba. Da aka zo cire masa kaya don a yi masa wanka, aka tarar tasa bindigar tana gidanta a ƙugunsa, ko maɓallin bai ɓalle ba.